Na Tafi Alƙahira In Huta

Duk ma'aikacin gwamnatin da ya doshi shekara 35 a bakin aiki, ko shekara 60 a duniya, akwai burin da yake ɓoyewa a ƙasan ransa. Wani gona, wani gidan kaji, wani kuma amarya. Ni burina in je inda ba wanda ya san ni. Ba bashin kowa na ci ba. A Kano idan ka yi ritaya, labarin garatutinka yana riga kuɗin isowa gida, kuma daga ranar ka zama "ai Alhaji ba ya komai". Wanda ba ya komai kuwa shi ake aika ko'ina. Kai ne wakilin ango, kai ne mai raka mara lafiya asibiti, kai ne za ka zauna a kan rabon gadon da alƙali ma ya gaji da shi. Wani maigidana a ofis ya ajiye aiki da tumbinsa da sheƙinsa, shekara na zagayowa na gamu da shi a wajen jana'iza, wuya ya fito, hula ta yi masa yawa. Ya kama hannuna ya ce, "Kada ka yarda su san ranar da za ka gama."

Sai na fara shiri a ɓoye. Ingila na soke ta tun farko, don ƙashina ba na sanyi ba ne, aljihuna kuma ba na fam ɗinsu ba. Madina ce a zuciya, amma Saudiyya ba ta ba mutum izinin zama don kawai ya tsufa yana son lada. Dubai a lokacin ta rufe wa 'yan Najeriya ƙofar biza. Saura Masar: jirgi na tashi daga Kano kai tsaye, kiran salla ta ko'ina, likitoci birjik, ga ɗan ƙanwata yana karatu a Azhar, kullum yana ce mini, "Kawu, nan komai araha." Arahar ɗalibin da suke kwana su shida a ɗaki ɗaya yake nufi, amma wannan bayanin bai zo a cikin waya ba.

Na sayi littafi mai jan bango na ja layi: haya, cefane, magani, wuta, har da kuɗin shayi. Farkon 2023 ne, dala tana wajen naira 750 a Wapa. Na sayar da fili ɗaya, na haɗa da abin da za a ba ni a dunƙule, na raba fanshon wata-wata, lissafi ya fita har da rara. A gaban rarar na rubuta "yawon buɗe ido".

Da na kai wa Hajiya maganar, ta daɗe tana kallona.

"Alhaji, in aka yi mana rasuwa a can, wa zai zo mana gaisuwa?"

"Ai abin da nake gudu ke nan, Hajiya."

"Allah ya kyauta," in ji ta. Ta tashi ta fara haɗa daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji da man shanu. Kowace jaka kilo 23 aka yarje mana. Da aka zo awo, littattafaina ne suka koma gida, daddawa ta hau jirgi.

Tun ina jiran takarduna a Kano aka cire tallafin mai a watan Mayu, a Yuni aka saki naira ta nemi darajarta da kanta. Na ce za ta dawo. A Fabrairun 2024, ina zaune a Alƙahira, dala ta haye naira 1,500, fanshona kuwa da naira ake biyan sa, bai ƙaru da sisi ba. A watan Maris su ma Masarawa suka saki fam ɗinsu, daga wajen 31 a dala ɗaya ya zube zuwa kusan 50. Na yi murna na ce an yi kunnen doki, kafin in gama murnar mai kantin ƙasanmu ya canja farashi. Na zama kamar wanda ya ɗauko mara lafiya daga gida, ya isa asibiti ya tarar likitan ma yana kwance ana ƙara masa ruwa. Ga katin banki na naira ba ya cirar kuɗi a waje a lokacin, dole sai ta hannun ɗalibai masu canji: ka tura naira a asusun yaro na gida, shi kuma ya kawo maka fam a leda. Ni da na sa hannu a kan baucar miliyoyi, ga ni a bakin masallaci bayan la'asar ina jiran sa'an jikana ya fito daga aji.

Gida mun samu a unguwar Madinatu Nasr, hawa na shida. Dillali ya rantse mini lifta tana aiki, kuma bai yi ƙarya ba, tana aiki ranar da ya kai mu. Kuɗin haya kuwa ya ninka abin da ke cikin jan littafi, don tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 mutane suka yi ta kwararowa Alƙahira, masu gidaje suka ga kasuwa. A ƙasan kowane bene akwai maigadi da suke kira bawwab, yana zaune da iyalinsa a wani ɗan ɗaki gefen matakala. Namu mutumin kudancin Masar ne, dogo, da jallabiya da rawani. Shi ke kawo burodi, shi ke kiran mai gyaran famfo, shi ya san wanda ya shiga da wanda ya fita da abin da ke cikin ledarsa. Na bar Kano don kada a san motsina, na zo ina biyan mutum kuɗi duk wata don ya sani.

Sai sanyi. Wa ya ce mini ƙasar Fir'auna tana sanyi? A Janairu tayil ɗin ɗaki ba ya takuwa. Shaddodin da na ɗinko na shan iska a bakin Nilu suna rataye, ni ina cikin bargo da safa biyu, alwalar asuba sai na yi shawara da zuciyata.

Abin da na fi taƙama da shi kafin tafiya Larabci ne, don na yi karatun zaure daidai gwargwado. Fita ta farko na tsaya gaban mai burodi, na gyara murya, na yi masa sallama cikakkiya, na shaida masa cewa haƙiƙa ni ina nufin sayen gurasa guda biyar idan ya yarda, kowane wasali a mazauninsa. Mutumin ya saki baki. Ya kira maƙwabcinsa mai kayan miya ya ce in maimaita. Na maimaita. Mai kayan miya ya ɗaga hannu sama ya ce "Amin". Da suka mayar mini da magana kuwa, ko kalma ɗaya ban kama ba, nasu Larabcin gudu yake yi, ya haɗiye wasu haruffa ya canja wa wasu kama. Hajiya, wadda ba ta taɓa zama gaban malamin nahawu ba, da yatsu da harara ta gama da kasuwar unguwa. Ta ga matan bene suna zuro kwando da igiya daga baranda mai kaya ya zuba musu, ta sa aka sayo mata nata. Ta gano miyar da suke ji da ita lalo ce, jan abin shansu kuma zoɓo. Mai gas yana buga tukunya da sifana daga ƙarshen layi, ita ce ta fara gane bugunsa. Ni har yanzu idan ya buga sai in zaci wani abu ne ya fashe.

Na je aski wata Alhamis. Mai askin dattijo ne mai fara'a, ya shafa mini kumfa har kunne, ya tambaye ni ko daga Sudan nake. Na ce Najeriya. Ya yi tsalle ya ce Amunike, wanda ya buga wa Zamalek. Daga nan ya yi mini tambayar da kowane Bamasare yake yi wa baƙo: Ahli ko Zamalek? Da na ce ban san ƙwallo ba da an wuce wurin. Amma jinin Kano ya motsa, na ce ni ɗan Pillars ne, na kuma tuna masa cewa a 2009 mu muka fitar da Ahli daga gasar zakarun Afirka, a nan cikin Alƙahira aka tashi biyu da biyu. Sai a lokacin idona ya kai kan bango: jan tuta, jan kalanda, hoton 'yan wasa har kan madubi. Aska tana daidai maƙogwarona. Shagon ya yi tsit. Ya ci gaba da aikinsa a hankali, a hankali ƙwarai, yana numfashi ta hanci, ni kuwa ina karanta duk abin da ya zo bakina a zuci. Da ya gama ya karɓi kuɗinsa bai ce uffan ba. Gefe ɗaya na sajena ya fi ɗaya tsawo, ban koma neman gyara ba.

Takardar izinin zama ba zan ja ta da nisa ba. Ka yi sammako, ka bi layi, ka kawo hoto, ka kawo rasidin banki na canjin dala, a ce ka dawo. Wanda ya yi shekara 35 yana ce wa mutane su dawo gobe ba shi da bakin ƙorafi.

A haka dai na samu abin da na zo nema. Ba wanda ya san ni. Ina idar da salla a masallaci kowa ya ɗauki takalminsa, babu mai tsayar da ni ya tambayi iyali da gajiya da kwanan gida. Na zauna a gidan shayi, dattawa suna buga dara irin tasu suna busa shisha, ba mai ce mini "Alhaji ga wuri". Wayata ta yi shiru har na riƙa duba ko caji ne ya ƙare. Na kai ga ina bin zauren WhatsApp na tsofaffin ma'aikata ina karanta sanarwar rasuwar mutanen da ban taɓa shiri da su ba, ina rubuta addu'a mai tsawo. Na ce wa Hajiya hutu ke nan. Ta ce, "Haka ne, Alhaji."

Ranar wata Juma'a ɗan ƙanwata ya kai mu Giza ganin dala, wato manyan gine-ginen nan na kaburburan Fir'aunoni. Aka ɗora ni a raƙumi ina riƙe da hula, Hajiya ta ɗauki hoto ta sa a WhatsApp ɗinta. Kafin mu iso gida waya ta fara ruri.

"Yaya, ashe kuna Masar! Dama gwiwar Baba ce, an ce can ake aikinta."

Baba ya zo da ɗansa da jikansa mai riƙe jaka. Suka ce kwana kaɗan za su yi kafin su kama masauki, kuma har aka sallame su ba su ga masaukin da ya kwanta musu ba. Ni ne filin jirgi da tsakar dare, ni ne neman likita, ni ne tafinta da Larabcin da ake ce wa amin, ni ne riƙe hoton ƙashi a layin awo. Ranar da lifta ta ƙi, ni da bawwab da jikan muka ɗauki Baba a kujerar roba har hawa na shida, yana sa mana albarka a kowane hawa, yana kuma tambaya ko ba a samun goro a garin.

Baba ya koma Kano yana tafiya da ƙafarsa, kuma wannan ne ya ƙarasa ni. Labari ya bazu cewa Alhaji ya san likitoci. Mai ido ya zo, mai ƙoda ya zo, mai neman haihuwa ya zo da matarsa da uwar matar. Wani ko dangantaka ba mu da ita, lambata kawai aka ba shi a wajen ɗaurin aure. Masu kawo yara makaranta suka biyo baya, da masu sarin abaya. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. A Kano ko ba komai in na raka mutum asibiti gidansa yake komawa ya kwana. A nan falona yake komawa, ni in koma kan darduma, kuma kowa in zai tafi sai ya ce, "Ai gara da Allah ya sa ba ka komai."

Hajiya kuwa ta samu duniyarta. Kowane baƙo yana zuwa mata da daddawa da labarin gida, yana komawa da ƙullin abaya da turare da za a kai wa masu saye a Kano. Ta karɓi jan littafina ta juya shi ta baya tana rubuta cinikinta. Na leƙa sau ɗaya, na ga ribarta ta wata ta wuce fanshona, na rufe na ajiye mata inda na gan shi.

Shekaranjiya da safe aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na buɗe na ga bawwab, ya sha wanka, ya riƙo hannun wata tsohuwa da ta zo daga ƙauyensu, ɗaya hannun kuma da babbar ambulan ta hoton ƙashi. Ya ce mahaifiyarsa ce, bayanta ke ciwo, kuma duk layin nan an san ba wanda ya san likitocin Alƙahira kamar Alhajin Najeriya.

Na waiwaya na kalli Hajiya. Ko ɗago kai ba ta yi daga lissafinta ba.

"Alhaji, in za ka fita ka biya ta wajen mai abaya, yana jiranka da kaya. Kuma mutanen Gwarzo ƙarfe biyun dare jirginsu zai sauka."