Firistocin Nob da muke tsallakewa

Duk sa'ad da aka ɗauko labarin gudun Dawuda daga hannun Sarki Saul, kogon En-gedi ake ruga wa: Saul ya fito da mutum 3,000, Dawuda ya yanki gefen rigarsa ya bar shi da rai. Labari ne mai daɗi a wa'azi. Ni kuwa abin da ke ci mini rai yana baya kaɗan, a 1 Sama'ila sura 21 da 22 cikin Littafi Mai Tsarki, kuma ba kasafai nake jin an tsaya a kansa ba.

Dawuda ya isa Nob, garin firistoci, da yunwa, babu makami. Ahimelek firist ya tarye shi yana rawar jiki, ya tambaye shi me ya sa yake shi kaɗai. Dawuda ya ce sarki ne ya aike shi wani aiki na asiri. Ƙarya ce. A kan wannan maganar firist ya ba shi keɓaɓɓiyar gurasa da takobin Goliyat. Doyeg mutumin Edom, shugaban makiyayan Saul, yana wurin, ya ga komai.

Da Doyeg ya kai wa Saul labari a Gibeya, mazauninsa, Saul ya sa aka kira firistocin. Ahimelek ya kāre kansa da gaskiya: Dawuda surukin sarki ne, amintacce a fada, shi kuma bai san da wata rigima ba. Saul bai saurara ba. Ya umarci dogaransa su kashe su, suka ƙi, kuma waɗannan dogaran sun cancanci a riƙa tunawa da su. Doyeg ne ya zartar. Firistoci 85 a rana ɗaya, sannan garin Nob gaba ɗaya, maza da mata, jarirai, har shanu da jakuna da tumaki. Sarkin da ya taɓa tausaya wa Agag, sarkin Amalekawa abokan gāban Isra'ila, bai tausaya wa firistocin ƙasarsa ba.

Laifin kisan na Saul ne da Doyeg, ba na musun haka. Amma Ahimelek bai san kasadar da yake ɗauka ba, domin an ɓoye masa. Da an gaya masa gaskiya, wataƙila da ya taimaka duk da haka, amma da zaɓinsa ne. Wanda aka zalunta ma yana iya jawo wa mai taimakonsa bala'i, kuma wannan ne ba ma son ji.

Abin da ya ɗaga Dawuda a idona shi ne abin da ya faɗa wa Abiyata ɗan Ahimelek, wanda ya tsira ya gudo wurinsa. Bai laɓe a bayan muguntar Saul ba, ko da yake yana da hujjar yin haka. Ya ce tun ranar da ya ga Doyeg ya san zai kai tsegumi, kuma shi ne sanadin mutuwar dangin Abiyata. Ya gaya wa maraya haka ido da ido, ya ce ya zauna tare da shi, mai neman ransu ɗaya ne. Abiyata ya zauna, ya zama firist ɗinsa a jeji.