Karatu rabi a aji, rabi a waya: to, a wayar wa?

Wannan takardar da makarantar yaranmu ta raba wa iyaye ta ɓata min rai ƙwarai. Wai daga zango mai zuwa yaranmu kwana uku za su riƙa shiga aji, sauran biyun su zauna gida malami ya turo darasi ta WhatsApp. Kuɗin makaranta kuwa yana nan daram. A wayar wa za a yi karatun?

'Yan'uwa, mu faɗa wa juna gaskiya. Gida nawa ne a ƙauyukan Demsa da Lamurde da Guyuk ke da babbar waya? Inda ma akwai, ƙwaya ɗaya ce, tana aljihun maigida, shi kuma tun asuba yana gona ko bakin kogi. Yara huɗu su jira shi har dare, ya dawo caji ya ƙare. A kai wa mai caji, a biya. A sayi data, alhali tun Janairun 2025 aka amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin ɗari. Gwauruwar da ke tuyar ƙosai don ta biya kuɗin makaranta, ita za a ɗora wa wannan? Yarinyar da aka ce ta zauna gida ta yi karatu, ruwa za ta ɗebo ranar, ta goya ƙaninta, ta kai talla. Kwana biyun nan sun tafi ke nan.

Ai mun gani a 2020. Aka rufe makarantu a watan Maris saboda korona, aka ce a bi darasi daga gida. 'Ya'yan ma'aikata a Yola suka bi, na ƙauye suka koma aji sun manta abin da suka sani.

Kada wani ya zo min da zancen duniya ta ci gaba. Na san tun 2015 da kwamfuta kaɗai ake rubuta JAMB, shi ya sa ma nake so ɗan manomi ya saba da ita tun yana ƙarami. Amma a makaranta! A ware ɗaki ɗaya, a sa sola, a jera kwamfutoci. Rabin aji na gaban malami, rabi na gaban na'ura, bayan awa guda su yi musaya. Darasin ma sau ɗaya za a sauke shi a ajiye, ba sai da intanet kullum ba. Masu cewa babu kuɗi, mu da muke baiko na musamman mu rufe majami'a da kwano, sola ce za ta gagare mu?

Abin da ya fi min ciwo shi ne makarantar ikilisiya ce. Dokta Niels Bronnum, ɗan mishan da ya fara aikin ikilisiyarmu, ya baro Denmark ya iso Numan a 1913, waɗanda suka biyo bayansa kuma malami suke turawa ƙauye ya zauna da yara, ko allo ba sa tambayar uban yaro yana da shi. Martin Luther kansa, wanda ikilisiyarmu ta Lutheran ke ɗauke da sunansa, a 1524 ya rubuta wa shugabannin biranen Jamus cewa su buɗe makarantu domin yara maza da mata. Yau mu ne za mu sa wa ɗan talaka sharaɗin waya? Babanninmu bishop-bishop da dattawan LCCN, wato ikilisiyarmu ta Lutheran a Nijeriya, ina roƙonku da girmamawa, duk makarantar da za ta kawo wannan tsari a fara tambayarta: yaron da gidansu babu waya, ina zai sami darasinsa?

Tunda ma ana maganar karatu, wa ya lura yaranmu sun daina iya karanta Hausa? Tun 1932 muke da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, kakanninmu da shi suka koyi baƙi. Yanzu a miƙa wa ɗan sakandare ya karanta aya biyu a sujada sai ya yi ta in'ina. Malaman makarantar Lahadi, me ke faruwa ne?