Allurar Penta Ba Ta Fi Ƙarfin Jariri Ba

Iyaye da dama a Kano suna fargabar cewa allura ɗaya mai kariya daga cututtuka biyar ta fi ƙarfin jariri, musamman idan jikinsa ya yi zafi da daddare. Fargabar ta ƙauna ce, amma ba haka abin yake ba. Penta, wadda ake yi a cinya a mako na 6, 10 da 14, tana kare yaro daga mashaƙo, tarin shiƙa, sarƙewar haƙora, ciwon hanta da wani nau'in sanƙarau. Garkuwar jikin jariri tana haɗuwa da ƙwayoyin cuta fiye da haka kullum, ko da yatsan da yake tsotsa ne. Zazzaɓin yakan sauka cikin kwana biyu, alhali mashaƙon da ya addabi Kano a 2023 ya fi kama yaran da ba a yi wa rigakafi ba.