Ranar da na yi wa ƙarfe ban ruwa

Kun dai san ɗakin ajiyar Kawu da aka buɗe, kun kuma san wanda aka kira ya duba tsofaffin wilin mota da aka taras a ciki. Wai ni ne masani.

Na farko bai wahalar da ni ba. Mai wayoyi ne irin na keke, sai dai walda aka yi musu, ga ramin noti biyar, faɗinsa inci 21. Na ce na Ford Model A ne, 1928 ko 1929, don a 1930 suka mai da shi 19. Kawu ya ce, "Ɗan nan, ashe karatun bai tafi a banza ba." Da a nan na ƙirƙiro uzuri na gudu, da yanzu ana gaishe ni da girma.

Sai aka mirgino na biyu, baƙi wuluk, da sanduna masu kauri daga cibiya zuwa baki. Ko taɓa shi ban yi ba na yanke hukunci: katako ne, na Ford Model T, wadda aka ƙera daga 1908 zuwa 1927, itacen hikori, sanduna 12. Surukin Kawu, wanda ba wanda ya gayyata, ya sa yatsa ya ƙirga ya ce goma ne. Na ce masa ƙidaya daban, ilimi daban.

Daga nan baki ya buɗe. Na yi musu bayanin yadda itacen yake tsukewa in ya bushe, sandunan su yi sako-sako su dinga ƙara, da yadda direbobin wancan zamanin suke tsayar da mota cikin rafi don ya sha ruwa ya kumbura. Duk gaskiya ne, ku je ku tambaya. Na ce a kawo bokiti.

Na naɗe hannun riga, na tsuguna, ina bin sandunan ɗaya bayan ɗaya da kofi, har ina cewa a matsa a ba shi iska. Ruwan ya fara gangarowa ja-ja. Na ce daɗewa ce. Ina cikin shafa shi kamar mai lallashin jinjiri sai autan Kawu ya zo da maganaɗisun tsohuwar sifika, ya ce, "Yaya, ɗan tsaya." Ya kai shi kusa da sandar da nake wa wanka.

Ƙwas!

Ya saki hannu. Abin ya tsaya cak, bai faɗo ba. Ni ma kofin na hannuna, a karkace, ruwa na zuba. Kawu ya juya baya yana tarin da ba na Allah da Annabi ba.

Ashe Sankey ne, na Ingila, irin na tsofaffin motocin Morris. Fallen ƙarfe biyu ake matsewa a haɗa da walda, cikin sandunan fayau, ga layin haɗin nan a jikin kowace in ka kankare fenti. Kuma tsatsa ta huda shi, don haka da na ɗaga shi a fusace, duk abin da na ɗura masa ya dawo mini cikin takalmi.

Yaron ban riƙe shi ba, yaro ne. Surukin nan ne. Mutumin da bai san gaban sifana da bayanta ba, shi ne har da zama a ƙasa yana riƙe ciki, yana cewa a ƙaro taki ko zai yi tsiro. Wannan fa shi ne ya ari jak ɗina tun kafin a yi bikin ƙanwarsa. Yanzu ko a waya ya kira ni sai ya fara da tambayar yaya shuka.

Akwai na uku a can lungu, mai noti ɗaya a tsakiya da kunnuwa biyu, Rudge-Whitworth, wanda ake bugawa da guduma mai taushi, na gefen dama kuma a juye ake kwance shi. Na fara faɗa musu, ba mai saurare, Kawu ya aiki yaro neman tsumma. Jak ɗin ma har yau bai dawo da shi ba.