Wanda ya riƙe faifan mawaƙi, ko ya fito da shi ko ya mayar wa magada

Kwanakin baya mahaifina ya ce in nemo masa wata tsohuwar waƙar kuntigi da ya saba ji a rediyo tun yana saurayi. Sai da na zaga shagon masu tura waƙa a waya har uku kafin na dace. Abin da aka tura mini kwafi ne daga wani kaset da shi ma kwafo shi aka yi, sautin duk ya dushe, baitin ƙarshe kuma ya yanke. Tsoho ya saurara ya yi shiru, daga baya ya ce ba haka muryar take ba. Na biya kuɗin turawa, kuma na san ko kobo ba zai isa gidan mai waƙar ba. Tun daga ranar nake tambayar kaina ina asalin faifan yake, kuma wa ya ba wanda ke riƙe da shi ikon rufe shi a ɗaki.

Kowace waƙa da aka naɗa tana ɗauke da haƙƙi biyu. Akwai haƙƙin baitoci da karin waƙar, wanda na mai ƙirƙira ne. Akwai kuma haƙƙin naɗin kansa, wanda galibi ke hannun kamfanin da ya biya kuɗin ɗauka. Mawaƙin da ke tsara waƙarsa ya rera da bakinsa yana iya mallakar na farko, amma ba shi da ikon sake buga muryarsa matuƙar uwar faifan, wato asalin naɗin da ake buga kwafi daga gare shi, tana hannun wani. Idan kamfanin ya ga ba riba, ko ya rushe, ko aka sayar da shi ga wasu da ba su ma san abin da suka saya ba, shi ke nan waƙa ta ɓace daga kasuwa alhali mai ita yana raye.

Haka ta faru da Sixto Rodriguez, mawaƙin birnin Detroit a Amurka. Ya fitar da faifai biyu a 1970 da 1971, ba su yi kasuwa a ƙasarsa ba, kamfanin Sussex da ya buga su kuma ya rufe a 1975. Mutumin ya koma aikin leburanci a wuraren gini. Ashe a Afirka ta Kudu waƙoƙinsa sun shiga gida-gida, ana saye ana kwafa shekara da shekaru, shi kuwa bai sani ba, har wasu masoyansa a can suna zaton ya mutu. Sai a 1998 ya je ya yi wasa a gabansu, kuma sai a 2008 wani ƙaramin kamfani ya sake buga faifansa na farko a Amurka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Namu ya fi nasa ciwo, domin shi an gano shi yana da rai. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, Ɗanmaraya Jos a 2015, Barmani Coge a 2013. Su da irinsu su ne masu tsara waƙarsu, su ne masu rerawa. Kamfanoni irin su EMI sun buga faifan garmaho na mawaƙan Hausa, gidajen rediyo kamar na Kaduna sun naɗi ɗimbin waƙoƙi, daga baya kaset ya cika kasuwannin Kano. Manyan kamfanonin Turawa sun tattara sun bar Najeriya, taskokinsu suka koma wasu hannaye. Yau ka buɗe YouTube za ka tarar da waƙoƙin nan birjik, amma mafi yawansu masoya ne ko 'yan neman taro suka ɗora, wani lokaci ma da sunan waƙa ba daidai ba.

Ba na cikin masu tsine wa masu kwafar kaset gaba ɗaya. Gaskiya ce mai ɗaci, amma ba don su ba da waƙoƙi da yawa sun tafi har abada. Laifin da nake gani ya fi girma yana wuyan wanda doka ta ba haƙƙi ya kwanta a kansa. Za a ce kamfani ya zuba kuɗinsa, kayansa ne, ya ga dama ya fitar ya ga dama ya ajiye. Na yarda ya zuba kuɗi. Sai dai dokar ta ba shi wannan kariya ne don ya kai waƙa ga jama'a ya ci riba, mawaƙi ma ya samu nasa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ajiyar ma ba tabbas gare ta ba. A ranar 1 ga Yunin 2008 gobara ta cinye wani ɗakin ajiyar faifai na kamfanin Universal a jihar California ta Amurka. Sai a 2019 jaridar New York Times ta bankaɗo wata takardar cikin gida da ta ƙiyasta asarar naɗin waƙoƙi kusan 500,000, duk da kamfanin ya musanta girman ɓarnar. Idan haka ta samu masu kuɗi da na'urorin sanyaya ɗaki, a yi tunanin zaren kaset da ke jibge a kwali cikin zafinmu da ƙurarmu da gara.

Wasu ƙasashe sun riga sun samo hanya. Dokar Amurka ta 1976 ta ba mai ƙirƙira damar karɓe haƙƙin da ya sayar bayan shekara 35. Tarayyar Turai, lokacin da ta tsawaita kariyar naɗin waƙa daga shekara 50 zuwa 70 a 2011, ta gindaya sharaɗi: idan shekara 50 ta cika kamfani bai wadata kasuwa da faifan ba, bai kuma sa shi a intanet ba, mawaƙi na iya soke yarjejeniyar. Irin wannan sharaɗi nake so Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta kai gaban majalisa, kuma da wa'adin da bai kai haka tsawo ba, ya kuma haɗa da miƙa uwar faifan kanta ga mawaƙi ko magadansa.

Kafin nan akwai abin da dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya da aka sa wa hannu a 2023 ta riga ta tanada. Naɗin sauti yana da kariyar shekara 50 daga fitowarsa, baitoci da kari kuwa shekara 70 bayan rasuwar mai su. Ke nan faifan da ya fito a 1974 ya fita daga ikon kamfani tun ƙarshen 2024, amma waƙar Shata tana da kariya har ƙarshen 2069. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ko Jami'ar Bayero, na iya zama da magada da gidajen rediyo a ƙirga abin da ya rage, a juye shi zuwa kwamfuta, a rubuta wa ya mallaki me, a ɗora a inda kuɗin sauraro zai shiga asusun iyalan. Ma'aikatan da suka yi naɗin, waɗanda suka san wane zare ne ke cikin wane kwali, yawancinsu sun yi ritaya, kuma su ya kamata a fara nema.