Launin gato a Damagaram da abin da nake gani a Lyon

Sana'ar yin gato, wato kek, a cikin gida ta bunƙasa a Damagaram fiye da yadda na bar ta, kuma duk mai ƴan uwa a unguwar Birni ko Zengo zai shaida haka daga hotunan da ke cika WhatsApp a lokacin suna, buki ko salla. Za ka ga gato mai hawa biyu, ƙasansa shuɗi, samansa ruwan hoda, an rubuta sunan amarya da ruwan zinariya. Ina zaune a Lyon ta ƙasar Faransa, inda shagunan gato suke kusan kowane titi, kuma ra'ayina shi ne matanmu sun fi na nan ƙoƙari nesa ba kusa ba, amma batun launi yana buƙatar su sake dubawa.

A Faransa, mace ba ta fara sayar da gato daga ɗakin girkinta haka kawai. Doka tana neman ta mallaki takardar koyon sana'ar da ake kira CAP, ko ta nuna ta yi aikin shekara 3, sannan ta yi rajista, ta kuma sanar da mai saye idan akwai ɗaya daga abubuwa 14 da jikin wasu ba ya karɓa, kamar ƙwai, madara, alkama da gyaɗa. Tandarta tana nuna zafi da lamba, firjinta kuma ba ya tsayawa.

Ƙanwata a Damagaram da babbar tukunya ta fara. Takan zuba yashi a ciki, ta ɗora gwangwanin ƙullun a kai, ta rufe, ta jera garwashi a kan murfin, sannan ta riƙa soka tsinke a tsakiya don ta ga ko ya nuna. Ba ta da ma'aunin zafi in ban da tafin hannunta, amma gatonta yana tashi daidai, ba ya ƙonewa a gindi. Tun da matatar man SORAZ ta yankin Damagaram ta fara aiki a 2011 gas ya ƙara samuwa, wasu sun sayi ƙananan tanda, sai dai zafin gari yana nan yadda yake. Bota tana narkewa kafin zafi ya wuce digiri 35, alhali a watannin Afrilu da Mayu garinmu yana haura 40, ga ɗaukewar wuta, ga kuma ɗan kabu-kabu da zai ratsa gari da kwalin a tsakar rana. Matar da ta kai gato gidan buki adonsa bai zube ba ta cancanci a jinjina mata.

Abin da ke damuna shi ne garin launin da ake saye a ƙulle cikin leda, babu suna, babu ranar lalacewa, babu wanda ya san daga inda ya fito. Launi ne ke jawo ciniki, domin mai saye hoto take fara gani kafin ta ɗanɗana, shi ya sa kowace mai gato take son janta ya fi na maƙwabciyarta ƙarfi. To amma waɗanda suka fi cin wannan ado yara ne. A Turai, tun 2010 akwai launuka 6, ciki har da rawayan da ake kira tartrazine, waɗanda dole a rubuta gargaɗi a kansu cewa suna iya shafar natsuwar yara, kuma Faransa ta hana farin launi mai lamba E171 a abinci tun Janairun 2020, kafin sauran Tarayyar Turai su bi sahu a 2022. Idan mutanen da ke da ɗakunan gwaji suna taka-tsantsan haka da launi mai suna, ai mu da muke sayen marar suna mun fi buƙatar hattara.

Ba na fatan a ɗauko dokar Faransa a ɗora wa matan Damagaram, domin hakan zai rufe wa da yawa ƙofar da suke samun na sabulu da kuɗin makarantar yara ba tare da sun bar gida ba. A wurinmu amana ce ke tsare mai saye, tunda mai gato da mai buki galibi sun san juna tun daga iyaye. Wannan amanar ce ta wajabta a sayi launi na abinci mai kwalba da rubutu, a ajiye kwalbar, a nuna wa duk wadda ta tambaya.

Kuma Allah ya hore mana launi a kasuwar Dole ta Damagaram. Zoɓo yana ba da ja mai kyau idan an dafa shi ya yi kauri aka ɗiga masa lemun tsami, sai dai a kirim ake sa shi, domin a cikin ƙullu garin da ke sa gato tashi yana dusar da shi. Garin zogale kaɗan yana ba da kore, kurkum yana ba da rawaya, dabino kuma yana ba da ruwan ƙasa tare da zaƙin da ke rage sukari. Launukan nan ba su kai na leda walƙiya a hoto ba, kuma sun fi cin lokaci, don haka mai gato ta lissafa wahalarta a cikin farashi, ta kuma gaya wa mai buki dalilin ƙarin kuɗin tun kafin a karɓi kafin alƙalami.