Ranar da Kafireta Ta Cinye Mini Gira

Shekarata ta shida a jihar Ohayo ta Amurka na sayi mota Chevrolet Nova SS ƙirar 1970 mai injin 350, da kafiretar da aka haife ta da ita, Rochester Quadrajet. Motar lafiya lau take. Ni ne ban da lafiya.

Asabar ɗin da na fara kai ta dandalin da masu tsofaffin motoci ke taruwa, wani ya buɗe bonet ɗin motarsa Pontiac GTO ta 1965, kafireta uku jere kamar tukwanen biki. Na leƙa tawa guda ɗaya tilo, baƙa ƙirin, sai kunya ta kama ni. A daren na yi odar sabuwar kafireta ƙirar Holley mai shaƙar iska CFM 850 (CFM shi ne ma'aunin yawan iskar da ke shiga a minti ɗaya), irin mai famfon fetur biyu.

Maƙwabcina, wani dattijo da ya tsufa a ƙarƙashin mota, ya yago bayan kwali ya yi mini lissafi: girman inji, 350, sau juyin inji a minti ɗaya, 5500, a raba da 3456. Ya fito wajen CFM 557. "Abin da injinka zai iya shaƙa ke nan, ɗana. In maƙogwaro ya cika faɗi, iska ba ta gudu, ba ta jan fetur yadda ya kamata." Ya ce Quadrajet wayo gare ta: ƙananan ƙofofi biyu na gaba don yawon gari, manyan na baya sai inji ya nema suke buɗewa. Na ce na gode, Baba. A raina kuwa na ce tsoho ya tsufa da tsoro.

Wuni guda na yi da sifana. Na fito titi, danja ta ba da hannu, na take totur har ƙasa. Ƙofofi huɗu suka wangale lokaci guda, motar ta yi tari kamar akuyar da ta shaƙi toka, ta mutu murus. Wata tsohuwa a keke ta wuce ni, har da ɗaga mini hannu.

Da ƙyar na lallaɓa gida. Na cire matatar iska, na sa ɗana Sadiku a kujera, na ce taka idan na ce taka. Na kafa fuska a bakin kafireta ina son ganin yadda fetur ke fesowa.

"Taka!"

Fuu! Wuta ta yi tsalle ta gaishe ni. Girar dama ta tafi, gemu ya yi ƙauri.

Maman Sadiku ta fito da ludayi a hannu, ta dube ni sama da ƙasa.

"Baban Sadiku, wa ke babbakar kai a gidan nan?"

Washegari dattijon ya taya ni mayar da Quadrajet, bai ce uffan ba, sai dai duk ya ɗago sai ya kalli goshina ya koma ƙarƙashin bonet kafaɗunsa na rawa. Juma'a uku na yi ina zuwa masallaci da hula a karkace.